Gabar Larabawa da Yahudawa: tun asali ce, ko daga baya ta zo?

Ɗan Damagaram, daga Fas

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo shi nan ko Allah zai sa masu ilimi su warware mini.

Ni ɗalibi ne a birnin Fas na ƙasar Maroko, shari'a nake karantawa. Ɗakin da nake haya yana Fas Jadid, kusa da ƙofar fada, kuma kullum da safe sai na ratsa ta unguwar Mellah kafin in kai inda zan hau mota. Mellah ita ce tsohuwar unguwar Yahudawa. Tun 1438 aka kafa ta a jikin katangar fada, domin su zauna ƙarƙashin idon sarki da kariyarsa. Yau babu su a ciki, Musulmi ne a gidajen. Amma ginin na nan da barandunsa na katako masu leƙo titi, majami'arsu ta Ibn Danan an gyara ta, ga maƙabartarsu can ƙasa, kaburbura fari fat iya ganinka.

Mahaifiyar mai gidanmu tsohuwa ce tukuf, Lalla muke ce mata. A bakin Mellah ta girma, kuma in ta ɗauko labarin maƙwabtansu Yahudawa ba ta gajiya. Ta ce ranar Asabar ba sa taɓa wuta, sai a kira ta tana yarinya ta hura musu ko ta kashe fitila, a ba ta alewa. In sun gama idinsu wanda ba sa cin gurasa mai yisti, a daren ƙarshe babanta yakan kai musu gari da man shanu da zuma da ɗanyen na'ana'a, su kuma su buɗe ƙofofi kowa ya shiga ya ci. Mimuna ake kiran daren. Ta ce wata safiya a farkon shekarun 1960 aka wayi gari maƙwabciyarsu ta tafi da 'ya'yanta, ko sallama babu, sai mabuɗin gida da ta bar wa mahaifiyar Lalla. Har yau in ta iso nan muryarta takan karye.

Jikanta sa'ana ne, kuma amini na. Shi da ya ji ta fara sai ya tashi ya fita. Bai taɓa zama da Bayahude ba, abin da ya sani shi ne abin da wayarsa ke nuna masa daga Gaza: yara ana ciro su daga ƙarƙashin gini, mutane na faɗuwa a layin karɓar gari. Tare muka je Rabat zanga-zanga, don ni ma abin yana ƙona mini rai. A hanyar dawowa ya ce mini Bayahude Bayahude ne, ko na Fas ko na Tel Aviv, kuma wa ya sani ko jikokin matar da kaka ke wa kuka su ne a cikin jiragen? Na rasa abin ce masa, don zai iya yiwuwa. A ƙarshen shekarun 1940 Yahudawan Maroko sun kai wajen 250,000. Yau ba su wuce dubu biyu zuwa uku ba, galibi a Kasablanka, kuma mafi yawan waɗanda suka tashi Isra'ila suka nufa.

Ga kuma masu dawowa ziyarar kaburburan iyayensu. Na ga wani dattijo da 'yar hular nan tasu a ƙeya yana ciniki da mai zaitun, da Larabcin Maroko zalla, yana rantsuwa da Allah, yana sa wa sarki albarka. In ba don hular ba, babu mai raba shi da sauran tsofaffin kasuwar.

Ni a Damagaram na tashi, ban taɓa ganin Bayahude da idona ba sai a nan. Amma tun ina ƙarami na san in aka kira mutum Bayahude a kasuwa an zage shi ke nan: maƙetaci, mai son kuɗi, marar amana. To tambayata ita ce, wannan gaba tun fil'azal take, a jini da addini, ko kuwa rikicin ƙasa ne na shekaru ɗari da suka wuce aka sa masa rigar addini? Wa ya fi kusa da gaskiya, Lalla ko jikanta?

Tsohon malamin tarihi, Kano

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, sai dai na tsohuwar ya fi daɗewa.

Fara daga Madina, tunda can mutanenmu ke komawa in ana wannan magana. Gaskiya ne an yi yarjejeniya da ƙabilun Yahudawa, an saɓa, an kori Banu Ƙainuƙa da Banu Nadir, an zartar da hukunci mai tsanani a kan Banu Ƙuraiza, an ci Khaibar. Wannan masu wa'azi ba sa manta shi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne Manzon Allah (SAW) ya bar duniya sulkensa yana jingine a hannun wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa, bayan duk waɗancan yaƙe-yaƙe. An wuce da gawa ya miƙe tsaye, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Duk suna cikin Bukhari. Uwar Muminai Safiyya 'yar shugaban Banu Nadir ce. Alƙur'ani da ya zargi wasunsu, shi ne ya ce a Ali Imrana ba dukkansu suka zama ɗaya ba.

Daga nan aka yi ƙarni da yawa ana zaman zimma. Suna biyan jiziya, ana tsare musu rai da dukiya da ibada, suna da alƙalansu. Kada wani ya ce maka zaman daidaito ne. A ƙasa suke, a wurare da yawa an hana su hawa doki, an ware musu tufafi, shaidarsu a kan Musulmi ba ta karɓuwa. Amma in ka gwada da Turai ta wancan zamani, ka ga dalilin da ya sa da Sifaniya ta kore su a 1492, Fas da Daular Usmaniyya suka nufa. Babban malaminsu Musa bin Maimun ya zauna a garin da kake, ya ƙare yana likita a fadar Misira, kuma da Larabci ya rubuta da yawa daga cikin manyan littattafansa. Shi ɗin dai gudu ya yi daga Muwahhidun, masu mulkin Maroko da Andalus a lokacin, waɗanda suka tilasta wa Yahudawa musulunta. An kashe su a Garnada a 1066, an kashe su a Fas a 1465, an wawashe Mellah ɗin da kake ratsawa a 1912. Zama ne mai lokutan daɗi da lokutan jini, gwargwadon halin mai mulki.

Mu ma nan muna da igiya a cikin labarin. Shehu Magili, wanda ya zo Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, kafin ya zo nan ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawa a Tamantit, cikin yankin Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau. Malaman zamaninsa ba su haɗu a kan ya yi daidai ba.

Akwai kuma gubar da aka shigo da ita daga Turai, wadda ba tamu ba ce. Ƙaryar cewa suna yanka mutane su yi ibada da jininsu, ƙaramin jakadan Faransa ne ya ruruta ta a Dimashƙa a 1840. Littafin nan na jabu da ake cewa sirrin dattawan Sahyoniya ne na mallake duniya, a Rasha aka fara buga shi a 1903, aka fassara shi zuwa Larabci, har ya shiga kundin Hamas na 1988. Abin takaici ne ka ji ɗalibin ilimi yana kafa hujja da shi.

Wutar da kake gani yau kuwa, a ƙasa ta kama. Ingila ta yi alƙawarin Balfour a 1917, na samar wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, ƙasar da ba tata ba. A 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shirin raba Falasɗinu, ta ba Yahudawa fiye da rabi alhali su ne kashi ɗaya cikin uku na mazauna. Su kuma sun fito ne daga kisan miliyan shida a Turai, babu mai gaya musu su jira. Daga 1948, shekarar da aka kafa Isra'ila, ne Bayahuden Fas da na Bagadaza suka fara ɗaukar laifin abin da aka yi a Haifa.

Abu Ammar, Rigasa

Allah ya gafarta Malam, ban musa ko ɗaya ba, amma wallahi raina bai so wannan zance a wannan lokaci ba. Ana binne mutane a Gaza, ma'aikatar lafiyarsu ta ƙirga sama da 60,000 tun tsakiyar 2025, mu kuma muna nan muna zancen zuma da man shanu.

Kullum mu ake cewa mu bambance. Su sun bambance? Ministan tsaronsu na lokacin, Yoav Gallant, ya fito a Oktoban 2023 ya ce da dabbobi masu siffar mutane suke yaƙi, ya yanke ruwa da wuta da abinci ga mutum fiye da miliyan biyu. A 2023 ministan kuɗinsu Smotrich ya ce a shafe garin Huwara na Falasɗinawa. Duk shekara samarinsu na ratsa unguwar Musulmi a Ƙudus da tutoci suna ihun mutuwa ga Larabawa. A harshensu na yau da kullum, in gini ya karkace sai su ce aikin Larabawa ne, alhali Larabawan ne suka gina musu biranen. A wurinsu Balarabe maƙaryaci ne, ɗan ta'adda ne, ba ya jin magana sai ta bindiga.

Ɗan uwa na Damagaram, maƙwabciyar Lalla da hannunta ta miƙa mabuɗi ta tafi, kuma jikokinta in sun so gobe za su hau jirgi su zo ziyara. Akwai tsofaffi a sansanonin Lebanon da Jordan da suka mutu da mabuɗin gidajensu a rataye a wuya. Sama da mutum 700,000 aka raba da gidajensu a 1948, ƙauyuka fiye da 400 aka share, an yanka mutanen Deir Yasin a watan Afrilun shekarar. Su ba a ba su izinin ko ziyara ba. Ka gaya wa abokinka ina bayansa.

Maman Talatu, Wusasa

Salama gare ku duka. Ni Kirista ce, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, kuma Allah ya nufe ni da zuwa Urushalima ziyara tare da ayarin jiharmu. Bari in faɗi abin da idona ya gani.

Mu a coci da yawa an tashe mu a kan Isra'ila mutanen Allah ne, Larabawa kuwa maƙiyansu. Da wannan na sauka. Ranar da za mu je Baitalami motarmu ta tsaya a gindin wata katangar siminti doguwa, jagoranmu Bayahude ya sauka, wani ya hau. Sabon jagoran Balarabe ne, Kirista, da gicciye a wuyansa, kakanninsa a garin aka haife su. Ya ce mana Urushalima ba ta fi kilomita 10 daga gidansa ba, amma sai da takardar izinin soja yake zuwa sujada can, mu da muka taso daga Najeriya mun fi shi 'yancin shiga. Matan da ke motar suka yi tsit. Wasunmu ba su taɓa sanin akwai Kirista Bafalasɗine ba. 'Yar jaridar nan Shireen Abu Akleh da aka harbe a Jenin a 2022, ita ma Kirista ce.

A ɗaya gefen kuma, da ƙafata ta kumbura na shiga kantin magani a Galili, mai ba da maganin Balarabiya ce da hijabinta, tana yi wa wata tsohuwar Bayahudiya bayanin ƙwayoyinta da Ibrananci, tsohuwar na riƙe da hannunta. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Isra'ila Balarabe ne, kuma a asibitocinsu likitoci da masu jinya na ɓangarorin biyu tare suke aiki. Mabuɗin cocin kabarin Almasihu ma a hannun Musulmi yake, gidan Joudeh ke ajiye shi, gidan Nusseibeh ke buɗe ƙofa, ɗaruruwan shekaru ke nan. Kuma dab da wata ƙofar Masallacin Al-Aƙsa akwai unguwar baƙaƙen fata, jikokin alhazan da suka taso daga Najeriya da Chadi da Sudan da Senegal suka zauna, har da Hausawa a cikinsu.

Ɗana Abu Ammar, zafin da kake ji na gane shi, hotunan yaran nan ni ma sun hana ni barci. Amma ka tsallake ranar 7 ga Oktoban 2023, da Hamas ta kai hari cikin Isra'ila. Wajen mutum 1,200 aka kashe, galibi fararen hula, aka kwashi kusan 250. A cikin gawarwakin akwai Vivian Silver, dattijuwa mai shekara 74 a ƙauyen Be'eri, wadda takan ɗauko marasa lafiya daga iyakar Gaza a motarta ta kai su asibiti. Akwai Larabawan Badawi, akwai ɗalibai biyu 'yan Tanzaniya da suka je koyon noma. Na yi aikin asibiti a Kaduna a shekarar 2000, na ga abin da ke faruwa in aka daina tambayar mutum me ya yi, aka koma tambayar shi ɗan wane ɓangare ne.

Ɗan Damagaram, daga Fas

Na gode Malam, na gode Mama, Allah ya saka da alheri.

Abu Ammar, a kan Gaza da mamayar Yammacin Kogin Jordan ba mu da saɓani. Wanda ke da jirage da katanga da ikon hana ruwa a yau an san shi, kuma ba na sa laifinsa a ma'auni ɗaya da na wanda aka tsare. Inda ban bi ka ba shi ne cewa da hannunsu suka miƙa mabuɗi. A watan Yunin 1948 an kashe Yahudawa sama da 40 a garuruwan Wujda da Jarada nan Maroko. A Bagadaza, babban birnin Iraƙi, ƙasar da suka fi shekara 2,500 suna zaune a cikinta, wadda ministan kuɗinta na farko, Sassoon Eskell, nasu ne, an kashe wajen 180 a kwana biyu a 1941. Tsakanin 1950 da 1951 kimanin 120,000 suka bar Iraƙi, aka soke musu zama 'yan ƙasa, aka riƙe dukiyarsu. Misira ta kori dubbai bayan yaƙin 1956. Gaskiya ne wakilan Isra'ila sun yi ta zuga su, sun shirya jirage, har sun biya gwamnatin Sarki Hassan na Biyu kuɗi a asirce aka bar wajen 97,000 suka fita tsakanin 1961 da 1964. Amma mai zuga ba ya samun shiga sai inda tsoro ya riga shi. Gwamnatocin Larabawa da suka kore su ko suka sayar da su, su suka cika wa Isra'ila ƙasa da mutane, kuma ban ji ana faɗin wannan a mumbari ba.

Da suka isa can ma ba su tarar da abin da aka yi musu alƙawari ba. Yahudawan Turai da ke riƙe da mulki sun ɗauke su ƙauyawa, rabin Larabawa. An zuba su a tantuna, daga baya aka tura su garuruwan bakin sahara irin su Dimona da Sderot. 'Yan Maroko sun yi bore a unguwar Wadi Salib ta Haifa a 1959, unguwar da asalinta gidajen Falasɗinawan da aka kora ne. 'Ya'yansu sun sake tashi a Ƙudus a 1971. Yaro ya girma yana jin kunyar Larabcin uwarsa, yana rage muryar rediyo in ta kama waƙar Misira. Da yawansu sun koma bayan jam'iyyar Likud tun 1977, kuma cikin masu tsananin ra'ayi a kan Falasɗinawa a yau akwai waɗanda kakanninsu da Larabci suke mafarki. Wannan ne ya fi ba ni baƙin ciki a cikin labarin duka. Mutanen da suka fi cancanta su zama masu shiga tsakani, ɓangarorin biyu sun haɗu sun tilasta musu zaɓen gefe.

Ba kuma na yarda da masu cewa an yi musaya, waɗannan sun fita waɗancan sun shigo, shi ke nan an biya. Manomin Deir Yasin ba shi ya kashe kowa a Bagadaza ba.

Abin da ya hana ni karɓar maganar abokina gaba ɗaya shi ne mutane irin su Abraham Serfaty, Bayahuden Maroko da ya yi shekara 17 a kurkuku saboda adawa da mulkin danniya, kuma ya rayu yana yaƙar aƙidar Sahyoniya. Da Sion Assidon, shi ma Bayahude, wanda ya shekara da shekaru a sahun gaba na masu kiran a ƙaurace wa kayan Isra'ila, da rawanin Falasɗinawa a wuyansa. In na ce Bayahude Bayahude ne, ina zan ajiye su? Netanyahu ma abin da yake so ke nan, a yarda shi ne bakin kowane Bayahude a duniya.

Malam, maganar Shehu Magili ta tsaya mini a rai, don a wurinmu sunansa da girma yake. Su wa suka saɓa masa, kuma da wace hujja?

Tsohon malamin tarihi, Kano

Alƙalin Tuwat ɗin kansa, Abdullahi al-Asnuni, shi ya fara ja da shi. Hujjarsa ita ce Yahudawan sun daɗe a wurin, suna ƙarƙashin zimma, majami'ar tana cikin unguwarsu, malaman da suka gabata sun gan ta ba su taɓa ta ba. Magili kuma ya ce sun karya zimmar da kansu, saboda kusancinsu da masu mulki da rashin biyan jiziya yadda shari'a ta tsara. Ka tuna a lokacin suna da ƙarfi a cinikin Sahara, hanyar da ke sauko da kaya har zuwa ƙasashenmu, don haka akwai batun kasuwa a ƙarƙashin batun fiƙihu.

Duka biyun suka aika wa malaman Tilimsan da Fas da Tunis. Ibn Zakri ya goyi bayan alƙali, ya hana rushewa. Al-Tanasi ya ba Magili gaskiya, Imam Sanusi mai littattafan tauhidi ya ƙarfafa shi. Magili ya tara jama'a aka rushe, aka kashe wasu, sauran suka watse. Yana Gao wurin Askiya Muhammadu labari ya iske shi an kashe ɗansa a Tuwat, aka ɗora wa Yahudawa alhakin.

Fatawoyin duka, na masu goyon baya da na masu hani, Wansharisi ya tattara su a cikin Al-Mi'iyar, kuma shi ma a Fas ya zauna har ya rasu. Tunda kana garin, ka nemi littafin ka karanta babin da kanka, ka zo mana da lafazin Ibn Zakri, don kwafin da nake da shi ɗalibai sun are shi tuntuni.